SHARHI: Tsofaffin Takardu Da Hotunan Ƙasar Katagum Jari Ne, A Ba Da Su Haya, Kada A Sayar

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A shekarar 2016 aka gano faya-fayan majigin Shaihu Umar a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, bayan an daɗe ana zaton sun salwanta. Marigayi Adamu Halilu ne ya shirya wannan fim a 1976, daga littafin da Firayim Ministan Nijeriya na farko, Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya rubuta tun yana malamin makaranta a Bauchi. Wata cibiyar adana fina-finai mai suna Arsenal da ke birnin Berlin na ƙasar Jamus ita ta gyara faya-fayan ta mayar da su cikin na'ura, sa'an nan aka nuna fim ɗin a bikin fina-finai na Berlin a 2018, mutane suka sayi tikiti suka shiga kallo.

Ɗan kasuwa ba zai rasa darasi a cikin wannan labari ba. Abin da ya yi shekaru a jibge cikin ƙura, ba wanda ya san darajarsa, ya zama abin nema da zarar an gano shi, an gyara shi, an kuma san wanda za a tambaya izini. Tambayar da ta dace mu yi wa kanmu ita ce, nawa ne irin wannan kaya ke kwance a garuruwanmu, kuma idan mai saye ya zo gobe, da wane sharaɗi za mu ba shi? Ra'ayinmu a wannan sharhi shi ne, duk mai riƙe da tsohuwar takarda ko hoto ko faifai, gida ne ko fada ko hukuma, ya ba da hayar amfani da shi a rubuce, na ƙayyadadden lokaci, don ƙayyadadden aiki, ya bar asalin kayan da haƙƙinsa a hannunsa.

Abin Da Ke Akwai, Da Inda Yake

Bari mu ɗauki ƙasar Katagum a arewacin Jihar Bauchi don misali. Malam Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa wannan masarauta a farkon ƙarni na 19. A watan Janairu na 1824 Turawa biyu, Hugh Clapperton da Likita Walter Oudney, suka sauka a birnin Katagum a kan hanyarsu daga Barno zuwa Kano, kuma Oudney ya rasu a Murmur jim kaɗan bayan sun bar garin. A cikin littafin tafiyar da aka buga a Landan a 1826, Clapperton ya ba da labarin ganuwar birnin da kasuwarsa, har ya ambata cewa a nan ya fara tarar da ana ciniki da wuri. Bayan zuwan Turawan mulki a 1903, wani jami'insu mai suna Fremantle ya buga tarihin wannan yanki a wata mujalla ta Landan a 1911. An mayar da hedkwatar masarautar zuwa Azare a 1916, kuma a 1926 aka cire ta daga Lardin Kano aka haɗa ta da Lardin Bauchi. Saboda haka mai neman takardun wannan ƙasa a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, sai ya duba kundayen lardunan biyu. A can ne ake ajiye rahotannin Rasdan da na Di'o, da bayanan haraji da jangali, da wasiƙun da suka gudana tsakanin ofisoshin lardi da En'e. Akwai kuma rahotannin binciken ƙudan tsando da ciwon barci da aka yi a Gadau a shekarun 1930, da aikin Victor Low, wanda ya tattara labaran baka na Gombe da Katagum da Haɗejiya ya buga su a Amurka a 1972.

Wannan shi ne ɓangaren da aka sani, aka kuma jera. Ɓangaren da ya fi yawa yana gidajen mutane. A gari irin Gololo da ke Ƙaramar Hukumar Gamawa, da sauran garuruwan da tarihinsu ke haɗe da na Katagum, da wuya a rasa gidan malamai da ke da gafaka cike da littattafan hannu da waƙoƙin ajami, ko gidan sarauta da ke da takardun naɗi da rasiɗan haraji, ko gidan tsohon ɗan kasuwa da ke da littafin lissafi na zamanin cinikin gyaɗa da fata da ƙiraga. Tsofaffin masu ɗaukar hoto na Azare sun bar dodon hoto na hawan salla da naɗin sarauta da ranar kasuwa. Akwai kuma kaset-kaset na makaɗan fada da na noma da na wa'azi, waɗanda aka ɗauka a shekarun 1970 da 1980, wasu ma ba su da kwafi na biyu a duniya. Gara da ruwan sama da gobara da rabon gado suna cin wannan dukiya kullum, ba tare da kowa ya yi lissafin asarar ba.

Akwai Kasuwa Kuwa?

Mai karatu na iya cewa, wa zai ba da kuɗinsa don tsohuwar takarda? Amsa ita ce, an daɗe ana wannan ciniki a duniya. A 1995 kamfanin Corbis na attajirin nan Bill Gates ya sayi tarin hotunan Bettmann mai ɗauke da miliyoyin tsofaffin hotuna, kuma a 1996 kamfanin Getty ya sayi tarin Hulton na Ingila. Abin da irin waɗannan kamfanoni ke sayar wa jaridu da masu talla da mawallafa shi ne izinin amfani, hoton kuwa yana nan a wurinsu. A 2014 kamfanin British Pathé ya ɗora tsofaffin fina-finansa kimanin 85,000 a YouTube, ciki har da na Nijeriya na zamanin Turawa. Kowa na iya kallo kyauta, amma gidan talabijin ko mai shirya fim da ke son yankar wani ɓangare ya sa a cikin aikinsa, sai ya nemi lasin ya biya. Watau idan ɗan Arewa yana son sa hoton majigin hawan daba na kakanninsa a cikin fim ɗin da zai sayar, yakan tarar cewa a Landan mai ba da izinin yake. Har ila yau, a watan Yuli na 2023 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin OpenAI, ya ba shi izinin amfani da wani sashe na tsofaffin labaransa don horar da na'urori masu ƙirƙirarriyar basira. Irin waɗannan kamfanoni suna bukatar rubutu da murya a harsuna da yawa, kuma abin da ke akwai na Hausa da Fulatanci da Barbarci a intanet kaɗan ne.

A nan gida ma masu bukata suna nan. Bankuna da kamfanoni suna buga kalanda da hotunan sarakuna da tsofaffin ƙofofin gari. Masu shirya fina-finan Hausa suna neman tsohon hoto da tsohon kiɗa don labaran da suka shafi zamanin da. Mawallafan littattafan makaranta, da gidajen rediyo da talabijin, da masu otal, da masu shirya bukukuwan cika shekara na sarakuna da makarantu, da 'yan siyasa masu neman tsohuwar waƙa don talla, duk suna amfani da irin wannan kaya. Bambancin kawai shi ne, a wurinmu yawanci ɗauka ake yi ba tambaya. Wani zai zo gida da sunan ziyara, ya ɗauki hoton takarda da wayar hannu, bayan wata shida sai a ga abin a bangon littafi ko a jikin kwalin kaya, ba sunan mai shi, ba ko sisin kwabo. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Haya Daban, Sayarwa Daban

Manomin Gololo ba ya bukatar lauya ya gaya masa bambancin sayar da gona da jinginar da ita, da ba da ita haya, da ba da aro. Ya san wanda ya sayar ya rabu da ita ke nan, shi da 'ya'yansa, wanda kuwa ya ba da haya yana karɓar kuɗi kowace damina, gonar kuma tana nan tasa. Lasin amfani da tsohon hoto ko faifai haya ce irin wannan, har ma ta fi ta gona albarka ta fuska ɗaya: gona ɗaya mutum ɗaya ake ba haya a shekara, hoto ɗaya kuwa ana iya ba mutum goma hayarsa a lokaci guda, mai kalanda daban, mai littafi daban, mai fim daban, kuma ba abin da zai ragu a jikinsa.

Labarin Solomon Linda, mawaƙin Afirka ta Kudu, ya isa gargaɗi ga mai sha'awar sayarwa. A 1939 ya yi wata waƙa mai suna Mbube a birnin Johannesburg, ya sallama haƙƙinta ga kamfanin faifai a kan 'yan kuɗi kaɗan. Waƙar ta ƙetara Amurka, aka sake mata suna da baitoci, ta zaga duniya, har ta shiga fim ɗin The Lion King na kamfanin Disney a 1994. Shi kuwa Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2004 aka shigar da ƙara a madadin magadansa, kuma sai a 2006 aka yi sulhu da kamfanin da ke riƙe da haƙƙin waƙar, aka amince za a riƙa biyan su. Shekaru sittin da bakwai ke nan tsakanin yin waƙar da samun hakkin iyalinsa, kuma ba kowane gida ne zai sami lauyoyin da za su tsaya masa haka ba.

Abin Da Doka Ta Ce

Kafin mutum ya ba da haya, wajibi ne ya tabbatar cewa abin nasa ne, kuma a nan gizo ke saƙar. Mallakar takarda daban take da mallakar haƙƙin abin da ke rubuce a kanta. Idan wani ya aiko wa kakanka wasiƙa, takardar ta gidanku ce, amma haƙƙin buga kalmomin na marubucin ne da magadansa. Haka nan hoton da mai hoto ya ɗauka, a bisa ƙa'ida haƙƙinsa yana farawa ne daga hannun wanda ya ɗauka, sai fa in akwai wata yarjejeniya. Kaset ɗin makaɗi kuwa yana ɗauke da haƙƙi biyu, na wanda ya tsara waƙar da na wanda ya ɗauki nauyin naɗar ta.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta ƙayyade wa'adin wannan kariya. Rubutu da waƙa da zane suna da kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai su ya rasu. Hotuna da fina-finai da faya-fayan murya kuwa shekara 50 ne daga shekarar da aka fara fitar da su. In an bi wannan lissafi, waƙoƙin Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, kariyarsu ta kai ƙarshen 2028; rubuce-rubucen Tafawa Ɓalewa, wanda ya rasu a 1966, har ƙarshen 2036; waƙoƙin Alhaji Mamman Shata kuwa, da ya rasu a 1999, har ƙarshen 2069. Amma hoton da aka fara bugawa a 1960 ya fita daga kariya tun ƙarshen 2010, balle littafin Clapperton ko littafin hannu na malamin da ya rasu tun kafin zuwan Turawa.

To, idan kariya ta ƙare, me ya rage a ba da haya? Abin da ya rage shi ne damar samun kwafi mai kyau. Wanda ke riƙe da dodon hoto na asali, ko littafin hannu da babu irinsa, shi kaɗai ke iya ba da kwafin da zai yi kyau a bugu, kuma yana da ikon gindaya sharuɗɗa kafin ya bayar. Sai dai a lura, waɗannan sharuɗɗa suna ɗaure wanda ya sa hannu ne kurum. Da zarar kwafi mai kyau ya fita ba takarda, ya bazu a wayoyin mutane, ba wata doka da za ta dawo da shi. Saboda haka dabarar da manyan gidajen ajiya ke bi ita ce a nuna wa jama'a ƙaramin kwafi mai ɗauke da tambari, a riƙe babban sai an sa hannu.

Akwai wasu dokoki uku da ya kamata ɗan kasuwa ya sani. Na farko, dokar haƙƙin mallaka ta ba da kariya ta musamman ga al'adun gargajiya da ba a san wanda ya ƙaga su ba, irin su tatsuniyoyi da waƙoƙin daɓe da na niƙa da raye-raye, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke da ikon ba da izinin amfani da su don kasuwanci. Na biyu, Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta lissafa littattafan hannu da takardun gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana fita da su waje sai da izini, ta kuma taƙaita waɗanda za su iya sayen su. Wanda ya sayar wa baƙo gafakar kakansa ya yi asara, yana kuma iya faɗawa hannun hukuma. Na uku, Doka ta 30 ta 1992 ita ke tafiyar da gidajen adana takardun tarihi na ƙasa, kuma ta buɗe wa jama'a takardun gwamnati da suka kai shekara 25. Izinin karantawa a can bai zama izinin bugawa a sayar ba. Wannan sai an nema daban daga hukumar.

Abin Da Takardar Haya Za Ta Ƙunsa

Doka ta ce sallama haƙƙi gaba ɗaya, ko ba mutum ɗaya izinin da ya keɓanta da shi, ba ya inganta sai a rubuce. Shawararmu ita ce a rubuta kowane irin izini, ko da na ɗan'uwa ne, domin magana zarar bunu ce, kuma masu shaida suna mutuwa. Takardar ba sai ta yi tsawo ba. Ta faɗi ainihin abin da aka bayar, hoto kaza ko minti kaza na faifai kaza. Ta faɗi aikin da za a yi da shi, domin wanda ya karɓi izinin littafi ba shi da ikon sa hoton a allon talla. Ta faɗi yawan kwafi, da ƙasashen da za a sayar, da tsawon lokaci, shekara ɗaya ko uku ko biyar, bayan haka sai an sabunta. Ta bayyana ko mai kaya yana da damar ba wasu, kuma wanda ke son a hana abokan gasarsa sai ya biya ƙari. Ta wajabta ambaton sunan gidan ko fadar da abin ya fito, domin wannan ambato shi ne tallar da za ta kawo mai nema na gaba. Ta hana miƙa kwafin ga wani na uku, ta hana sauya hoto ko murya ta hanyar da za ta zubar da mutuncin mai shi, ta kuma faɗi a fili ko an yarda a ciyar da na'urori masu ƙirƙirarriyar basira da shi ko ba a yarda ba. A ƙarshe ta faɗi kuɗi da lokacin biya, ko dai dunƙule guda, ko kaso daga ciniki. Ga wanda ba shi da hanyar bin diddigin cinikin kamfani, kuɗi a hannu ya fi alkawarin kaso.

Batun gado ma yana bukatar tsari. Abin da ya fi lalata tarin littattafai a ƙasar Hausa shi ne rabo, inda za a ba wannan ɗa rabin littafi, wancan rabi, a cikin shekara ashirin a rasa duka. Magada suna iya yarda su bar tarin a wuri ɗaya, su naɗa wakili a gaban alƙali ko hakimi, sa'an nan duk abin da aka samu na haya a raba shi bisa ƙa'idar gado. Ta haka kowa ya sami rabonsa, kayan kuma ba su watse ba.

Masu Suka Suna Da Hujja

Akwai waɗanda za su ce ilimi ba abin sayarwa ba ne, kuma malaman da suka rubuta waɗannan littattafai don Allah suka yi. Wannan magana tana da nauyi, kuma littafin da aka yi waƙafinsa ba a sayar da shi, ba a kuma hana ɗalibi karanta shi. Amma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zaman da ta yi a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta shi. Abin da muke kira a kai shi ne a raba masu nema gida biyu. Almajiri da ɗalibin jami'a da malamin makaranta da mai bincike su karanta su kwafa kyauta, ko a kan kuɗin takarda kawai. Wanda zai juya abin ya zama riba, shi ne zai biya. Shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004 kuma ya ɗauki hotunan wasu takardu a Arewacin Nijeriya, a kan irin wannan tsari yake tafiya: asalin kaya yana zama a ƙasarsa, kwafi yana buɗe ga masu nazari, mai son kasuwanci kuwa sai ya koma ga mai kaya.

Wasu kuma za su ce kuɗin da za a samu bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne cewa a cikin kowane tari, kaɗan ne za su sami mai nema, kuma ba wanda zai gina gida da hayar rasiɗin jangali. Duk wanda ya yi wa mutanen ƙauye alkawarin miliyoyi yaudarar su yake yi. Amma kuɗin da zai sayi akwatin ƙarfe da maganin gara, ya biya yaron da zai jera takardu, ya gyara rufin ɗakin ajiya, ya isa ya sa magada su daina kallon gafaka a matsayin tarkace. Abin da ke kawo ko da kaɗan, ana kula da shi. A ɓangaren gwamnati kuwa akwai wata matsala: tun 2015 kuɗin shigar hukumomin tarayya yana zuba ne a asusun bai-ɗaya, saboda haka ma'aikacin da ya wahala ya nemo fayil ba ya ganin abin da aka biya ya dawo wajen gyaran ma'ajiyarsa. Ya kamata majalisa ta duba yadda za a ware wani kaso na irin wannan kuɗi ya koma kai tsaye ga aikin adanawa.

Suka ta uku ita ce mafi muhimmanci, watau batun sirri. Littattafan kotun alƙali suna ɗauke da labarin saki da bashi da rigimar gona. Wasu tsofaffin takardu suna ambaton asalin bauta na gidajen da jikokinsu ke raye, suna da mutunci a gari. Wasu littattafan malamai na asiri ne, ba a yi su don idon kowa ba. Irin waɗannan ba su shiga kasuwa ko nawa aka taya, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ƙara ɗaure hannun mai son watsa abin da ya shafi rayayyu. Wannan ma hujja ce ta fifita haya a kan sayarwa, domin mai ba da haya yana da ikon ya ce a'a, wanda ya sayar kuwa bakinsa ya mutu.

Daga Ina Za A Fara?

Ba a cinikin abin da ba a san da shi ba, saboda haka matakin farko shi ne jeri. Yankin yana da cibiyoyin da za su iya wannan aiki, irin su Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare da jami'ar jiha da ke Gadau, kuma akwai gogaggu a Gidan Arewa na Kaduna, wanda aka kafa a 1970, yake kuma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da za su iya koyar da hanya. Ɗalibai na iya bin gari gari da yardar sarakuna da hakimai da dagatai, su rubuta abin da ke akwai, da mai shi, da halin da yake ciki, su ɗauki kwafi a gaban mai kaya, su bar masa asalinsa da kwafi ɗaya da takardar shaida. Daga nan sai a kafa ofis guda, ko a fada ko a ɗaya daga cikin makarantun, wanda zai zama dillali tsakanin masu kaya da masu nema, da farashi a rubuce a bango, da la'ada sananniya, da littafin lissafi da kowane mai kaya ke da ikon dubawa. Ga makaɗa da magadansu, akwai ƙungiyoyin karɓar kuɗin haƙƙi da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ke ba lasin, kuma ya kamata su yi rajista da wadda ke da izini.

Ga 'yan kasuwa kuwa, nan akwai sana'a ga mai hangen nesa: sayen na'urar ɗaukar kwafi, mayar da kaset cikin kwamfuta, fassara ajami zuwa boko, da haɗa mai nema da mai kaya. Haka kuma akwai nauyi a wuyansu. Banki ko kamfanin da ke ware kuɗi don mai zane da mai bugu, bai kamata ya ga kyashin biyan gidan da ya adana hoton shekara saba'in ba. Takardar izini ma kariya ce gare shi, domin kamfanin da ya buga kalanda dubbai sa'an nan kotu ta ce a janye, ya yi asarar da ta ninka kuɗin lasin.

Faya-fayan Shaihu Umar sun yi sa'a, an gano su kafin su ruɓe. Yawancin abin da ke cikin adakokin Gololo da Gamawa da Azare da tsohon birnin Katagum ba mai zuwa daga Jamus ya cece shi, sai masu shi sun tashi da kansu. Kafin damina mai zuwa, kowane mai gida ya buɗe adakarsa ya ga abin da gara ta bari, ya rubuta shi, ya ɗaga shi daga ƙasa. Idan baƙo ya zo da na'urar ɗaukar hoto, a karɓe shi da mutunci, a ba shi ruwa, sa'an nan a tambaye shi aikin da zai yi da kayan, a kawo takarda da alƙalami. Allah ya sa mu gane darajar abin da magabata suka bar mana.